Bargo a Ɗakin Sanyi

Abin da Musaddiƙ ya fara gani da ya shiga ɗan ofishin shi ne bargo. Bargo ne mai kauri, irin mai hoton damisa, an ninka shi biyu an lulluɓe wani abu a kan teburi, har an kewaye shi da igiya kamar kayan da za a ɗora wa jaki. A waje kuwa ranar watan Afrilu ce, wadda ke sa kwaltar hanyar Kura zuwa Bunkure ta yi laushi a ƙarƙashin takalmi, ta sa shanu su yi cirko-cirko a bakin kanal ɗin ban ruwa ba sa ko iya korar ƙuda.

"Malam Ɗanbaba, ina na'urar take?"

Tsohon mai gadin ya nuna bargon da haɓa. "Ga ta nan, ɗan Malam. Tana shan sanyinta."

Ɗakin sanyin na ƙungiyar manoman rani ne ta Unguwar Kanya. Wasu masu agaji suka gina shi bara, da farantan hasken rana a kan rufinsa, domin manoma su daina zubar da tumatir a bakin titi duk lokacin da kasuwa ta cika. Abin da ke tafiyar da shi duka wata 'yar kwamfuta ce a cikin akwatin ƙarfe. Ita ke kunna injin sanyi, ita ke kashe shi, ita ke raba wuta tsakanin farantai da batura. In ta tsaya, ɗakin ya zama ɗaki kawai mai ƙofa da kwaɗo. Tun da zafi ya shigo kuwa take sumewa da tsakar rana, sai Ɗanbaba ya zare mata wuta ya mayar, ta farfaɗo.

Ba don ƙungiya Musaddiƙ ya zo ba. Shi mutum ne da tunani ya yi wa yawa. Tun da ya gama jami'a, ya gama bautar ƙasa, ya dawo gida, yake zaune a zauren marigayi mahaifinsa da kwamfutarsa a cinya, yana aika neman aiki inda ba a amsawa, yana kallon garin da irin kallon da mutum ke yi wa tsohuwar rigar da ta matse shi. Yayarsa Hajara ce ta taso shi. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonarsu ta bakin kanal, kuma duk tumatirin da ta tsinka a wannan rani yana cikin ɗakin nan, kwando bisa kwando, tana jiran kaya su ragu a kasuwa farashi ya ɗaga. Ta tsaya masa a ƙofar zaure ta ce, "Malam boko, an ce na'urarmu tana farfaɗiya. Shekara da shekaru kana karanta kwamfuta. Tashi ka je ka duba, abincin 'ya'yana ne a ciki."

A jikin bangon ofishin akwai ɗan allo mai nuna lambobi biyu. Ta sama ita ce sanyin ɗakin tumatir. Ta ƙasa an rubuta mata zafin na'ura, kuma tara take nunawa.

"Ka gani ko?" in ji Ɗanbaba, yana gyara zaman hularsa. "Da na same ta, talatin da wani abu take. Ni kuwa na yi sana'ar ƙanƙara a birni tun ba a haife ka ba. Abu mai sanyi rufe shi ake yi, kada iska ta sha shi. Na sa mata buhu, ta sauko ashirin. Na ɗauko bargona na kwanciya na sa mata, ga ta nan a tara. Ba labari aka ba ni ba, da idona na gani."

Musaddiƙ ya matsa kusa da teburin. Ya durƙusa, ya cusa hannu a ƙarƙashin bargon, ya fizgo shi da sauri kamar wanda ya taɓa butar mai shayi. Ya kwance igiyar. Warin da ya taso ya sa ya kau da fuska: warin roba mai neman narkewa, da ƙura da ta gasu, da wani abu kuma da ya taɓa zama mai rai. Da ya buɗe murfin akwatin ya ga abin. Kyankyasai ne sun shiga neman duhu sun soyu a jikin ƙarfen, ga wata 'yar tsaka ta bushe ƙamas a gefen wayoyi, bakinta a buɗe. 'Yar fankar da ke cikin akwatin kuwa a tsaye take cik, kamar ba ta san ana rana ba.

Ya ɗaga kai ya dubi allon. Tara ta zama goma sha biyar. Ta zama ashirin da biyu. Da ta haura talatin sai fankar ta motsa, ta fara juyawa.

"Innalillahi!" Ɗanbaba ya dafa kai. "Ka ga abin da nake gudu! Zafi ya shiga, har fanka ta tashi. Mayar mata da mayafinta, ɗan Malam, don Allah."

"Bari tukuna, Malam Ɗanbaba. Taɓa nan ka ji."

Tsohon ya ƙi taɓawa. Ya ce shi ba ya sa hannu a kayan wuta.

Musaddiƙ ya jona kwamfutarsa da na'urar, ya shiga cikinta. Bai daɗe yana dubawa ba ya gane, kuma ganewar ba ta yi masa daɗi ba. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan guntun da ke yin lissafin duka, wanda ake kira furosesa, kuma yana ɗaukar zafi in yana aiki. Masu ƙera shi sun dasa masa ma'aunin zafi a ciki. Sai dai ma'aunin wannan samfuri ba ya cewa zafi ya kai kaza. Abin da yake faɗa shi ne saura kaza a kai iyaka, iyakar da in an taɓa ta guntun zai kashe kansa don kada ya ƙone. Iyakar nan digiri ɗari ce. Taran da Ɗanbaba ke alfahari da ita casa'in da ɗaya ce, saura tara a kai ƙarshe.

Juya wannan lamba ta koma gaskiya aikin wata 'yar manhaja ce da ake kira direba, wadda ke tsayawa tsakanin ƙarfe da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, tana yi musu tafinta. Wannan na'ura ba ta zo da direban ma'auninta ba. Wanda ya haɗa ta bai tsaya rubuta shi ba. Layuka 'yan kaɗan ya yi, ya kwaso lambar ɗanya yadda take, ya manna ta a allo, ya kuma miƙa ta ga fanka. Don haka fankar ke gudu da sanyin safiya, ta kwanta da tsakar rana. A saman layukan nan har ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe: Injiniya Sagiru.

Musaddiƙ ya san Sagiru. Kowa ya san shi. Shi ne mijin 'yar Alhaji Datti, shugaban ƙungiyar, kuma Alhaji Datti ƙanin mahaifinsu Musaddiƙ ne.

Ya zauna a kan benci yana kallon sunan. Da a ce rashin sani ne kawai, da ya yafe. Amma duk wanda ya iya kwaso lambar nan daga cikin guntun, to ya iya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin sau ɗaya ya ji. Mutumin bai yi ba. Ya ga lamba ta fito a allo, ya kakkaɓe riga, ya tsaya an ɗauke shi hoto, ya koma birni. Sannan ga wani tsoho ya cire bargon kwanciyarsa ya ba ƙarfe, da zuciya ɗaya, yana dafa shi a hankali.

Ya roƙi Ɗanbaba ya bar akwatin a buɗe na 'yan kwanaki. Tsohon ya yarda da ƙyar, bisa sharaɗin in Alhaji ya tambaya, ɗan ɗan'uwansa ne ya ce.

Aikin ya ci shi fiye da yadda ya zata. Ya kwafi katin da manhajar na'urar ke ciki a kan wani sabon kati, ya ajiye tsohon yadda yake. Da sassafe yake zuwa, lokacin da ɗakin tumatir ke riƙe da sanyin da ya kwana da shi, domin ya iya tsayar da na'urar ya gwada ba tare da ya cuci kayan mutane ba. Sai da ya gano daga wace 'yar ma'ajiya a cikin guntun lambar ke fitowa, da kuma wane sashe nata ne lambar, wane ne ba ita ba. Ya ƙi rubuta ɗarin nan da ka, ya sa direban ya tambayi guntun iyakarsa da kansa, domin wata rana za a iya canja shi da wani mai wata iyakar. Gwajin farko na'urar ta sandare gaba ɗaya, sai da ya zare wuta kamar Ɗanbaba, tsohon yana gefe yana murmushi. Gwaji na gaba ta ce zafinta ɗari cif tun tana farkawa. Ya yini yana neman dalili kafin ya gane cewa ma'aunin yana da wata alama da yake ɗagawa in ya gama awo, kuma shi yana karanta amsa tun kafin a ɗaga ta. Ya gyara. Ya koya wa direban ya jira, ya karanta, ya ɗebe abin da ya karanta daga iyaka, ya miƙa sakamakon ga babbar manhaja a irin ma'aunin da take fahimta, ita kuma ta ba fanka umarni.

A cikin kwanakin nan ya ji wani abu da ya daɗe bai ji ba. Ƙarfe ba ya jin kunyar kowa, ba ya da suruki. In ka tambaye shi daidai, ya ba ka amsa daidai. Ranar da ya hura wa akwatin iska da murfin kwali ya ga lamba ta sauka, ya rufe shi da tafin hannu ya ga ta hau, fanka ta bi ta, sai ya kama kansa yana dariya shi kaɗai.

Alhaji Datti ya zo da la'asar, cikin babbar riga ruwan toka, da carbi a hannu da waya a ɗayan. Musaddiƙ ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya miƙe ya yi bayani a hankali, da kalmomin da ya zaɓa tun a gida. Allon yana nuna sittin da huɗu.

"To," in ji Alhaji. "Bari in gane. Kafin ka zo tara take."

"Taran nan ba sanyi ba ce, Baffa. Saura ce."

"Yanzu kuma sittin da huɗu."

"Da casa'in da ɗaya take. Ta sauko ne."

"Daga tara zuwa sittin da huɗu, ta sauko." Alhaji ya juya ya dubi mai gadi. "Ɗanbaba, a makarantarku ta allo haka ake saukowa?"

"Mu dai hawa muke ce masa, Alhaji."

Musaddiƙ ya ɗauki bargon ya lulluɓa wa akwatin. "Baffa, ka duba da kanka." Suka tsaya. Lambar ta fara hawa, saba'in, saba'in da takwas, tamanin da biyar, fankar tana kuka a ƙarƙashin bargon kamar akuyar da aka ɗaure wa baki. Ya yaye. "Ka taɓa ka ji."

Alhaji ya miƙa hannu ya taɓa. Musaddiƙ ya ga yadda ya janye yatsunsa da sauri, ya goga su a jikin babbar riga. Ya ga idonsa ya tsaya a kan akwatin na ɗan lokaci. Mutumin ya gane. Ba wawa ba ne, shekara nawa yana sayar da injinan ban ruwa, ya san ƙarfe mai zafi in ya ji shi.

Amma sai ya latsa waya, ya buɗe muryar don kowa ya ji. "Injiniya, ga ƙaninka nan Musaddiƙ ya ce lambarka a juye take."

Dariyar Sagiru ta cika ofishin, da ƙarar motoci a bayanta. "Baba, rabu da yaran nan. Sun fito jami'a da tiyori cike da kai, ba su taɓa haɗa ko soket ba. Na'urar nan lafiyarta ƙalau. Wa ma ya ba shi izinin buɗewa? In ta lalace ba ruwana, na faɗa."

"Yaya Sagiru," in ji Musaddiƙ, "ma'aunin saura yake ƙirgawa. Ka manta ka ɗebe daga—"

"Baba, ina tuƙi. Sai na kira."

Alhaji ya mayar da wayar aljihu, ya ce wa Ɗanbaba ya je ya duba masa mota. Da suka rage su biyu, ya sassauta murya.

"Ɗana, masu agajin nan za su zo duba aikinsu mako mai zuwa. Sun ce in sun ga an riƙe shi da kyau za su yi mana na biyu. Kana so su shigo su ga sittin da huɗu da jan rubutu? Kana so in tsaya a gaban mutanen garin nan in ce mijin 'yata bai iya aikinsa ba, ɗan wana ya zo ya kama shi? Wane ido zan kalli uwar matarsa da shi? Mayar da tsohon katin."

"Baffa, ko da katin za a mayar, a bar bargon a cire."

"In aka cire, lamba ta hau. In ta hau, Ɗanbaba ya faɗa wa kowa. In kowa ya ji, an dawo kan maganar da na ce a bari. Tun shigowar zafi tana suma tana tashi, ba ta mutu ba. In baƙi sun tafi, sai mu zauna."

"Kayan mutane ne a ciki. Na Yaya Hajara ma suna ciki."

"Na fi ka sanin Hajara. Ni na yanka mata ragon suna." Ya miƙo tafin hannu. "Makullin ofis."

Musaddiƙ ya tsaya. A jami'a ya yi gardama da malamai har sun kore shi daga aji. Amma wannan mutum shi ya tsaya a kan kabarin mahaifinsa, shi ya biya masa kuɗin rajistar shekarar ƙarshe. Ya zaro makullin da Ɗanbaba ya ba shi, ya miƙa. Ya sunkuya ya zare sabon katin, ya mayar da tsohon, ya kunna. Allon ya haskaka, ya nuna talatin da shida. Ɗanbaba ya dawo, ya ɗauki bargonsa, ya lulluɓa, ya ɗaure igiya da kulawa irin ta mai goya jariri. Kafin su fita lambar ta fara sauka, Alhaji yana gyaɗa kai yana jan carbi.

A hanyar gida Musaddiƙ ya tofar da yawu ya fi sau nawa, ɗacin bai bar bakinsa ba. Bai san wa ya fi ba shi ƙyama ba: mai dariya a waya, ko mai goge yatsu a riga, ko shi da ya sunkuya ya mayar da katin da hannunsa.

Ya sami Hajara a tsakar gida tana tankaɗe. Ya zauna a bakin turmi ya fara yi mata bayanin ma'auni da iyaka da saura. Ta bar shi ya yi nisa, sannan ta ajiye rariya.

"Musaddiƙ, ni ba ɗalibarka ba ce. Abu ɗaya nake so. In bar kayana, ko in kwashe?"

In ta kwashe yanzu, kasuwa a cike take, ba mai saye sai da wulaƙanci. Abin da ya rage shi ne a yanka a shanya a yi kauɗa, kuma kauɗa ba ta kusa da darajar ɗanye. Na'urar kuwa ba ta yi masa alkawarin ranar mutuwarta ba. Tana iya kai damina a haka. In ta kai, shi ne ya sa gwauruwa mai 'ya'ya ta yanka ribarta da wuƙa saboda wata lamba da ba wanda ya yarda da ita sai shi.

"Ban san ranar ba, Yaya."

"Ban tambaye ka rana ba."

Ya tuna zafin da ya ji a tafin hannunsa, da tsakar nan mai buɗaɗɗen baki. Ya ce, "Kwashe."

Ta ɗauki rariyarta. "To, ka nemo mana mai kura da safe. Kuma ka zo da wuƙa, ba zaman kallo za ka yi ba."

Aka kwashe. Matan unguwa suka taya ta yanka a filin bayan ɗakin sanyin, inda ƙasa take da tauri, aka shimfiɗa buhuna da tabarmi, wurin ya yi ja wur har bakin kanal. Musaddiƙ ya yanka har yatsunsa suka yi tsami. Masu wucewa a kan babur sukan rage gudu. Wani ya ce, "Hajara, ɗakin Turawa ya yi miki kaɗan ne kika koma sana'ar kakanni?" Wani ya ce ai ƙaninta ne ya yi mafarki. Ita dai takan ce, "Allah ya ba ku riba," ta ci gaba da yanka.

Baƙin suka zo suka tafi. An ce sun yaba da tsafta, ɗaya daga cikinsu ma ya tambayi dalilin bargon, Alhaji ya ce saboda ƙura ne, aka yi dariya, aka ɗauki hoto. Farashi ya fara ɗagawa a kasuwa. Ɗakin yana ta gurnaninsa lafiya lau. Musaddiƙ ya daina iya haɗa ido da yayarsa. Yakan zauna a zaure ya buɗe direban da ya rubuta, ya bi shi layi-layi yana neman kuskure, har yana fatan ya samu, don ya san wa zai zarga. Bai samu ba.

Sai aka shiga zafin nan na gab da damina, wanda iska ke tsayawa cik, gajimare ya taru ya ƙi zuba. Wata safiya yana taya Hajara juya kauɗa sai ya lura da shiru. Injin ba ya gurnani. Ƙofar ɗakin da ta ofis duk a kulle, Ɗanbaba yana zaune a gindin bango ya haɗa kai da gwiwa. Manoman da suka zo ɗaukar kaya aka ce musu Alhaji ya hana buɗewa, kada sanyi ya fita, Injiniya yana hanya. Washegari ma yana hanya. Rana ta uku aka ce motarsa ce ta lalace.

Warin ne ya buɗe ƙofar. Ya fara fitowa kaɗan-kaɗan, tsami-tsami, sannan ya yi nauyi har ya kai masallaci. Wani ruwa ja-ja mai kumfa ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa ya miƙe zuwa kwata. Da manoman suka fasa kwaɗon, zafi ne ya fara dukan fuskokinsu, kamar an buɗe tukunya. Kwandunan sun zauna a kan juna, na ƙasa sun narke, farar funfuna ta rufe na sama, tsutsotsi suna motsi a cikin saƙar kwando. Wani dattijo ya leƙa, ya ga inda nasa suke, ya koma gefe ya yi amai. Aka ɗaure hanci da rawani da gefen riga, aka yi ta jido kwanduna suna ɗiga a kan ƙafafun masu ɗauka, ana juyewa a ramin bayan gini.

Alhaji Datti yana tsaye nesa kaɗan da hankici a hanci. Da ya hango Musaddiƙ sai ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji. "Ai tun da aka buɗe ta aka yi mata taɓe-taɓe ba ta sake lafiya ba. Injiniya ya faɗa." Wasu suka juyo suka dubi Musaddiƙ. Alhaji kuwa bai dube shi ba, ƙasa yake kallo.

Musaddiƙ ya dafa gefen rigarsa. Sabon katin yana cikin aljihunsa, amma babu sauran na'urar da zai sa shi a ciki ya nuna wa kowa komai. Ya wuce su ya shiga ofis.

Ɗanbaba yana ciki. Bargon yana nan a ɗaure, tsakiyarsa ta yi baƙi-baƙi, gashin damisar ya murƙushe.

"Ranar Juma'a ce," in ji tsohon, ba tare da an tambaye shi ba. "Ina kallo ta sauko uku, ta sauko biyu. Ta kai sifili, ɗan Malam. Na ce alhamdulillahi, yau ta yi sanyin da ba ta taɓa yi ba. Sai allon ya ɗauke. Na zare wuta na mayar, na zare na mayar." Ya ɗago ya dubi Musaddiƙ. "Da gaske bargon ne?"

"Bargon ne, da lambar da aka ba ka."

Tsohon ya kwance igiyar a hankali. Ya ɗaga bargon ya duba ƙunar, sannan, a karo na farko, ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin. Ya yi sanyi ƙalau. Ya ninke bargonsa ya sa a hammata ya fita.

Musaddiƙ ya zagaya bayan gini. Kauɗar Hajara ta kusa gama bushewa, ta yi ja mai duhu, ta ƙanƙance har buhunan da ke ƙasa suna leƙowa. Abin da ya cika kwanduna da yawa yanzu 'yan buhuna zai cika, amma nata ne, kuma zai sayu. Sai dai ƙudajen da suka taso daga ramin sun gano wurin, suna sauka a kai baƙi ƙirin. Hajara ta riga ta aika gida an kwaso tsofaffin gidajen sauro, tana ta fama da ɗaya ita kaɗai, mayafinta a ɗaure a hanci.

"Yaya," ya ce, "Baffa yana cewa ni ne."

"Na ji shi. Kunnena ba a rufe yake ba." Ta wurgo masa gefen gidan sauron. "Kama nan ka ja sosai, ka danne da dutse. In ƙudan nan suka yi mini ƙwai a kai, kai da Baffan naka duk sai kun sani."

Ya kama ya ja.